Ɗan Yayata ya birkita min kwamfutar shago, na yi masa tsawa, yanzu Yaya na fushi da ni

Assalamu alaikum. Dan Allah shawara nake nema amma a ɓoye sunana. Ni magidanci ne shekaruna sun haura hamsin, ina da shagon taifin da fotokofi a Zariya, tun zamanin Windows XP nake wannan sana'a, da ita nayi aure da ita nake ciyar da iyali. Akwai ɗan Yayata da ya gama difloma a fannin kwamfuta, yaro ne mai hankali ba shi da rashin kunya, yakan zo ya taya ni in aiki yayi yawa. Sati uku da suka wuce na tafi ɗaurin aure na bar masa shago kwana biyu, ina dawowa na tarar ya ɗora Windows 11 a babbar kwamfutar da nake aiki da ita. Ba ma wannan ba, komai ya koma baƙi, madannin Start ya dawo tsakiya, sandar ƙasa ɓuya take yi sai ka kai maus sannan ta leƙo, fayilolin kwastomomi da na jera a fuskar kwamfuta waɗanda ko idona a rufe na san inda kowanne yake duk ya kwashe ya zuba a folda-folda wai yayi min tsari. Ran Litinin wani ɗalibi ya zo karɓar furojet ɗinsa na fi minti ashirin ina lalube ban gani ba, mutane na tsaye suna kallona har wani yace Baba ko dai a kira yaron ne. Wallahi ji nayi kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaron na shigowa na balbale shi da faɗa a gaban kowa nace wa ya aike shi, har nace masa karatun nasa na banza ne. Tun ranar bai ƙara zuwa ba. Yaya ta kira ni tace yaro yayi abin arziki na saka masa da tsiya, yanzu gaisuwa ma sama-sama take amsawa. Yarinyar da ke min taifin kuma ita sabon tsarin yayi mata, tace ya fi sauri. Ni kuwa aikin minti goma sai ya ci min rabin awa. Shin in kai wa mai gyara ya mayar min da Windows 10 ne? Ko zamani ne ya wuce ni in haƙura in bar wa yara? Sannan ni ne zan ba yaro haƙuri ko shi ne zai ba ni?

Malam A., Zariya

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya huci zuciyarka. Bari in fara da tambayar da na ga ta fi cin ranka duk da a tsakiya ka cusa ta, wato maganar zamani ya wuce ka. Bai wuce ka ba wallahi. Wanda ya shekara ashirin da wani abu a gaban kwamfuta ba da ido yake aiki ba, hannu ne ya haddace hanya, kana magana da kwastoma kana lissafin canji amma hannunka ya riga ya tafi kusurwar hagu ta ƙasa da kansa, don tun Windows 95 a shekarar 1995 nan ne gidan madannin Start. Rana ɗaya aka ɗauke shi daga wurin, dole hannu ya je ya tarar ba kowa, dole ka tsaya ka duba da ido, kuma wannan tsayawar ce take mayar maka da minti goma rabin awa. Ɗan shekara ashirin da biyar ma in aka yi masa haka sai ya daburce, bambancin kawai shi ba ya jin kunyar a gan shi yana lalube. Kuma ka tuna ba yau ka fara haye irin wannan ba, lokacin da Word 2007 ya zo ya watsar da tsofaffin menu ya kawo waɗancan manyan shafukan na sama masu taifin da yawa sun tsine masa, yau ga shi ko tunawa ba ka yi. Kai ko a 2012 da Microsoft ta cire madannin Start a Windows 8 ba tsofaffi kaɗai suka yi ƙorafi ba, duniya ce ta yi ca a kansu har sai da suka dawo da shi a 8.1 a shekarar 2013.

Yanzu ga abin da nake so ka lura da shi sosai don kusan amsar wasiƙarka duka tana nan. Abu huɗu ka lissafa, baƙin sikirin, sandar da ke ɓuya, fayilolin da aka kwashe, da Start da ya koma tsakiya. A cikin huɗun nan guda ɗaya ne kacal Windows 11 ta zo da shi, Start ɗin tsakiya. Sauran ukun ɗanɗanon ɗanka ne, shi ya zaɓa da hannunsa, kuma ko a Windows 10 ɗin da ka baro zai iya yi maka su haka. Kaga kenan ba da Windows 11 kake faɗa ba, da son ran yaro kake faɗa, shi ya tsara kwamfutar yadda shi zai ji daɗinta ya manta ba shi ne ke zama a kanta daga safe zuwa magariba ba. Duka huɗun kuma ana kwance su cikin kamar kwata ɗin awa ba tare da an goge komai ba, har shi Start ɗin ana mayar da shi hagu.

Saboda haka maganar kai wa mai gyara ya mayar da Windows 10, ni ban ba ka wannan shawarar ba. Akwai ƙofar komawa da Windows ke bari in an yi sabon ɗori, amma kwana 10 take yi ta rufe, kai kuma sati uku kace, to yanzu komawa na nufin a yi fomatin, wato a goge komai, a ɗora daga farko, a sake saka Word da CorelDRAW ɗin da ake zane da shi da manhajojin da ke sa firinta da sikana aiki, kuma in mai gyaran irin masu gaggawar nan ne ya tafi da wasu fayilolin kwastomomi sai dai ka ji yace ai ba ka faɗa min ba. Sannan babban dalilin, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ma'ana gyare-gyaren tsaro na kyauta da ke zuwa duk wata sun tsaya, sai wani tsari na ƙarin wa'adi da suka buɗe wa masu rajista wanda shekara ɗaya suka sanar zai yi, zuwa Oktoba 2026. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da kunnuwa, amma duk ɓarakar da aka gano daga baya a buɗe za ta zauna. Kwamfutar shago irin naka kuwa ita ce ta fi kowacce shiga haɗari, a wuni fulash nawa ake soka mata, wannan daga kafe wannan daga wayar wani, ka san dai cutar nan da ke mayar da fayilolin fulash su koma shotkot, wato 'yar alamar da ke nuna hanyar fayil ba ainihin fayil ɗin ba, yadda take yawo a shagunanku. A nan gaskiya yaron nan ya hango maka abin da ya kamata, ko bai yi ba a wancan satin da sai ka yi shi nan gaba kaɗan.

Inda ya yi kuskure shi ne bai tambaye ka ba, kuma ba ƙaramin kuskure ba ne, kar kowa ya raina maka shi. Amanar shago ka ba shi na kwana biyu ba izinin sauya wurin aikinka ba, waya ɗaya ta ishe shi, Kawu ina so in yi kaza me ka gani. Sannan da ka dawo ya kamata ya zaunar da kai ya nuna maka inda ya kai komai kafin kwastoma na farko ya shigo. Amma ka dubi zuciyar abin, yaron da ya zauna yana jera fayiloli ɗaya bayan ɗaya cikin folda ba mugunta ta sa shi ba, aiki ne mai cin rai wanda ba a biyan kowa, so yake ka dawo kace kai madalla ashe karatun nan ba a banza ba. Sai ga shi kalmar da ya samu ita ce kishiyar wannan, a gaban mutane kuma. Yaron da ya gama difloma yana zaune ba aiki, dama kullum abin da ke masa yawo a kai kenan ko karatun nan na banza ne, sai kawunsa ya faɗa masa da baki. Ina ganin wannan ce ta hana shi zuwa, ba faɗan ba, faɗa kam wane ɗa ne kawunsa bai taɓa yi masa ba.

To wa zai ba wani haƙuri? Ku biyun ne, amma kai za ka buɗe ƙofa Malam, don shi ko yana so ba zai iya ba, kunya da tsoro sun riƙe shi, bai san da wace fuska za ka karɓe shi ba. Ba kuma ina cewa ka je ka durƙusa wa yaro ba ne. Ka kira shi da kanka a waya, kar ka aika ta wurin mahaifiyarsa, kace ya zo shago bayan an tashi ko ranar da ba ka buɗewa, lokacin da ba kwastoma ba yarinyar taifin. In ya zo ka raba maganar biyu kar ka cakuɗa su. Ta farko, maganar da na faɗa a kan karatunka ɓacin rai ne, ba haka ba ne a raina, na janye ta, kuma bai kamata in yi maka a gaban mutane ba. Ta biyu, amma kai ma ka sani wannan kwamfutar da ita nake ci da iyali, daga yau ba a taɓa tsarinta sai an tambaye ni ko da gyara ne. Za ka ga da ka faɗi ta farko shi da kansa zai riga ka kawo ta biyun, yawancin yaranmu haka suke. Girmanka ba ya raguwa da wannan, wanda ya ci mutunci a bainar jama'a in ya gyara a keɓe ma ai an yi masa sauƙi, shi ya sa zan ƙara da cewa in ya dawo aiki ka nemi wata dama a gaban mutanen shagon ka yaba masa, ko da cewa ne ku bari injiniyanmu ya duba.

Ita kuma Yaya kar ka yi ta waya, ka taka ka je gidanta. Rabin labari ta ji, ta ji an tozarta ɗanta bata ji cewa ƙaninta ya tsaya minti ashirin ana kallonsa ana ce masa Baba a kira yaro ba. Uwa ce, dole ta fara jin zafin nata. Kar ka je da niyyar kare kai, ka gaishe ta ka ce kin yi gaskiya na zafafa, na kuma kira shi mun yi magana. In ta huce kuna hira sai ka ba ta naka ɓangaren da misalin da za ta gane, kace Yaya a ce kin yi tafiya wata ta shiga madafinki ta sauya wa gishiri da magi da ludayi wuri don ta burge ki, kin dawo ga baƙi na jiran abinci kin rasa inda komai yake. Dariya za ta yi amma ta gane. Shi ya sa ma nake so ka fara da yaron kafin ita, in ka je mata da labarin an riga an shirya ba sauran abin da za ta riƙe.

Yanzu zaman gyaran. Sharaɗina ɗaya ne kuma kar ka sassauta shi, kai ne za ka zauna a kujera maus a hannunka, shi ya tsaya a gefe yana faɗa da baki. In ka bari ya karɓa zai yi firit-firit cikin minti biyu ya gama kai baka ga komai ba, gobe wani abu ya motsa ka koma neman yaro. Ka ajiye littafi da biro ka rubuta kowane mataki da kalmominka. Kafin ku taɓa komai ku kwafe foldar ayyukan kwastomomi gaba ɗaya zuwa wani hard disk na waje, wato ma'ajiyar fayiloli da ake jona wa kwamfuta, ko babban fulash mai tsafta, wannan ko ba rigima ya kamata a rinƙa yi duk sati.

Ku fara da sandar ƙasa don a wuri guda za ka kashe matsala uku. Ka kai maus kan sandar inda ba komai ka danna dama, ka zaɓi Taskbar settings, ka gangara can ƙasa zuwa Taskbar behaviors ka buɗe. Abu na farko da za ka gani shi ne Taskbar alignment an sa Center, ka mayar da shi Left, nan take Start zai koma kusurwarsa ta gado. A ƙasansa kaɗan akwai ɗan akwati da aka rubuta Automatically hide the taskbar, ka cire alamar da ke ciki, sandar ta daina ɓuya kenan. In ka ƙara gangarawa akwai Combine taskbar buttons and hide labels, ka sa shi Never, wannan zai sa in ka buɗe takardun Word uku kowacce ta fito da sunanta a ƙasa maimakon su dunƙule a alama ɗaya, ga mai taifin wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. A saman wannan shafin dai za ka iya kashe Widgets, wancan abin da ke nuna yanayin gari da labaran da ba ruwanka da su yana shan data a banza.

Baƙin sikirin kuma Settings za ka shiga, Personalization, sai Colors, inda aka rubuta Choose your mode ka mayar Light. In ka buɗe Word ka ga shi har yanzu baƙi ne to nasa daban yake, File, Account, Office Theme ka zaɓi fari ko mai launi. Yara na son baƙin nan don a waya suka saba da shi da dare, amma mai aikin da zai fita a farar takarda gara ya ga fari tun a sikirin. In kana so alamar This PC ta dawo fuskar kwamfuta kamar yadda My Computer yake a da, cikin Personalization ɗin ka shiga Themes ka nemi Desktop icon settings ka sa alama a Computer. Tunda kuna wurin, in rubutun ya yi maka ƙanana ka shiga Accessibility ka ja Text size ya ƙaru, ba abin kunya ba ne, ido ne ya yi shekara ashirin yana kallon haske.

Maganar fayiloli ce nake so ka ɗan sassauta, don a nan ni ina bayan yaron da kashi mai yawa. Jera aikin mutane a fuskar kwamfuta yana da daɗi ga hannu amma duk wanda ya tsaya a bayanka yana karanta sunayen, wannan takardar filin wane ce, wannan takardar asibitin wance ce, ga sikanin katin NIN na wani, a gari kamar Zariya da kowa ya san kowa wannan ba daidai ba ne. Sannan abin da ke fuskar kwamfuta yana zaune ne a ɓangaren da Windows take, ranar da ta lalace aka yi fomatin shi ne farkon tafiya. Saboda haka kar ka ce ya zazzago su ya mayar yadda suke. Ku zauna ya nuna maka foldojin da ya yi, wanda sunansa bai yi maka ba ka sauya masa suna da Hausarka yadda kake kiran aikin, Furojet, Katin Biki, Takardun Fili, Wasiƙu, duk yadda kake so, in sun yi yawa a haɗe wasu su koma biyar ko shida. Sai kowace folda a yi mata shotkot a fuskar kwamfuta ka jera su da hannunka inda kake so. Ka ƙara folda ɗaya ka kira ta Aikin Yau, duk abin da ba a karɓa ba ya zauna a nan, an karɓa an biya sai ya koma gidansa. Kaga hannunka ya samu wurin zuwa, sirrin mutane kuma ya rufu.

Akwai wani abu da baka ambata ba amma na tabbata yana cikin abin da ke ƙona maka rai, danna dama a kan fayil. A Windows 11 jerin da ke fitowa an gajarta shi, kwafi da yankewa da sauya suna da gogewa sun koma 'yan ƙananan hotuna a jere, su Send to da kake tura aiki fulash da shi an tura su bayan Show more options da ke ƙasa. Wannan kam laifin Microsoft ne ba na ɗanka ba, kuma ni ma ban ga hikimarsa ba. Maganinsa ka riƙe Shift sannan ka danna dama, tsohon jerin da ka sani zai fito kai tsaye. Yaron zai iya ce maka akwai manhajojin da ke mayar da komai kamar Windows 10 ko ma 7, akwai su da gaske, amma a kwamfutar neman abinci ban so, irinsu sukan rikice in sabon afdet, wato gyaran da Microsoft ke turowa, ya sauka ka wayi gari sandar ƙasa ta ɓace ga layin kwastomomi. Haka in wani yace a saka maka Linux a madadin Windows, abu ne mai kyau ga wasu amma CorelDRAW ba ya da na Linux, kai kuma katin biki na cikin cinikinka.

Sai yarinyar taifin, ita ma ma'aikaciya ce kuma in tace sabon tsarin ya fi mata sauri ka yarda da ita, kar gyaranka ya zama an ƙwace mata nata. Windows na ba kowa damar samun nasa akawun a kwamfuta ɗaya, kowa da fuskarsa da launinsa da inda yake son Start. A Settings ka shiga Accounts, sai Other users, Add account, ku buɗe mata nata ku buɗe wa ɗanka nasa, su yi baƙi su yi kore su ɓoye sanda duk ruwansu, naka ba zai motsa ba. Naka ya zama shi ne Administrator da fasawod ɗin da kai kaɗai ka sani, nasu Standard, ta haka ba wanda zai ɗora wata babbar manhaja ko ya sauya Windows sai an zo wurinka, dokar da ka kafa da baki kwamfutar ma ta riƙe ta kenan. Abu ɗaya ku kula, foldar ayyukan kwastomomi a ajiye ta inda kowa zai iya kaiwa, kamar ɓangaren D in akwai ko foldar Public, in ba haka ba aikin da ta buga a nata ba za ka gan shi a naka ba wata sabuwar rigimar ta tashi. Kuma in ƙwaƙwalwar kwamfutar ba ta da yawa duk wanda ya gama ya yi Sign out kar a bar akawun biyu a buɗe tana nauyi.

Bayan an mayar maka da abin da ka saba, ina roƙonka ka ɗauki sabbin abubuwa amma kaɗan, ɗaya a sati ya isa, kuma da safe kafin mutane su taru ba a gaban kwastoma ba. Na farko wanda da ka san shi da abin ran Litinin bai faru ba, ka danna madannin Windows a kibod, wanda ke da hoton taga, kawai ka fara rubuta sunan fayil ko sunan manhaja, zai nemo maka. Wannan zai yi aiki ne sosai in ka saba sa wa fayil sunan mai shi da irin aikin maimakon Doc1 da Doc2 da aka saba. Ko a cikin Word ma in ka shiga File ka danna Open yana jero maka takardun da aka buɗe kwanan nan. Na biyu, madannin Windows tare da kibiyar hagu ko ta dama yana manna taga a rabin sikirin, sai ka sa hoton rubutun hannun da aka turo maka ta WhatsApp a gefe ɗaya Word a ɗaya gefen kana kallo kana bugawa ba sai kana shiga kana fita ba. Na uku Windows da V, yana riƙe abubuwan da ka kwafa har 25 ba na ƙarshe kaɗai ba, karon farko zai tambaye ka ka kunna shi, ga mai buga wasiƙu masu adireshi iri ɗaya ko katin biki mai maimaita sunaye wannan garaɓasa ce. In ukun nan suka zauna a hannunka ina kyautata zaton za ka fi saurin da kake da shi kafin tafiyarka ɗaurin auren. Sati biyun farko dai ka yi wa kanka uzuri, hannu zai rinƙa kuskure, in kwastoma na tsaye ka ce masa ɗan zauna minti biyu, ba wanda ya taɓa fasa aiki don an ba shi kujera.

Akwai tambaya ɗaya da za ka yi wa yaron cikin ruwan sanyi ba da sigar tuhuma ba, shin kwamfutar da kanta ta karɓi Windows 11 ko dabara ya yi ya tsallake binciken? Windows 11 na da sharuɗɗa, tana son wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwa aƙalla 4GB, da wurin ajiya 64GB, in kuma firosesa, wato injin da ke juya kwamfutar, na kamfanin Intel ne, galibi daga zubi na 8 zuwa sama. Yawancin kwamfutocin tokumbo da ke shagunanmu sun girmi haka, kuma yara sun iya hanyar tsallakewa. In ta cika sharuɗɗa shikenan hankali kwance. In tsallakewa ya yi za ta yi aiki amma Microsoft bata yi alkawarin ci gaba da ba irinta afdet ba, to sai ku fara tara kuɗin wata a hankali, kuma shi za ka tura kasuwa ya zaɓo don ya san abin da zai duba. Ka sa shi kuma ya saita Active hours a Windows Update daidai da lokacin buɗe shago da tashi don kar ta kashe kanta tana afdet kana tsakiyar aikin mutum, in kuma da wayarka ko ɗan MiFi kake ba ta intanet ya kunna Metered connection don ta rage zuƙe maka data.

In ka kira shi bai ɗauka ba ko ya ce yana zuwa bai zo ba, kar ka hau dokin zuciya ka ce ai na yi nawa. Ka ba shi kwana biyu, ka tura masa gajeren saƙo cewa Kawunka na nemanka akwai abin da kai kaɗai za ka iya nuna masa a kwamfutar, sannan ka je wurin Yaya ko da bai zo ba, a can ma wataƙila ka same shi. Gyaran sandar ƙasa da launin kuwa ba sai ka jira kowa ba, matakan da na rubuta a sama za ka iya bin su gobe da safe kai kaɗai, foldojin da akawun ɗin ne nake so ka ajiye masa ku yi tare. In kun duba Settings, System, About kun ga sunan firosesan kuna shakka ko ya cika sharaɗi, ka turo min abin da aka rubuta a wurin in duba maka. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a sana'a, a gaida Yaya.